Sabon Fenti a Jikin Dattijuwa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka kai lefena Kpakungu. Ko na yi niyyar mantawa ma, dangin matata sun ɗauki nauyin tuna mini kyauta, a kowane suna da kowane biki, har in koma ga Mahaliccina.

A ƙarshen shekarun tamanin ne, ina saurayi a Minna, sana'ata ɗauko doya daga ƙauyuka in kawo kasuwa. Motata a-kori-kura ce da na gada daga mahaifina, shi ma ba sabuwa ya saye ta ba. 'Yan tasha Dattijuwa suke kiranta, kuma ba don girmamawa ba. Koriya ce a zamanin da take da launi. Ƙofar direba da waya ake ɗaure ta, a gefen fasinja kuma akwai rami a ƙasa wanda in ka leƙa za ka ga titi yana wucewa. Duk wannan da sauƙi. Babban ciwonta shi ne kik, wato abin nan da ke tayar da inji in ka murɗa makulli. Nata ya mutu tun Baba yana raye, aka yi masa ta'aziyya, aka ci gaba da rayuwa.

Saboda haka rayuwata gaba ɗaya a kan gangara na gina ta. Gidanmu a Bosso kan tudu yake. Da safe sai in zare dutsen da ke ƙarƙashin taya, in saki birki, ta gangara, in sa giya ta biyu, in saki kuloci, ta yi tari biyu ta kama. Na san kowace gangara a garin Minna fiye da injiniyan da ya yi titin. Ba na zuwa gaisuwar mara lafiya sai na fara tambayar yadda unguwarsu take. In kuwa ƙaddara ta tsayar da ni a shimfiɗaɗɗen wuri, sai 'yan dako su tura, ni kuma ina cikin inuwa riƙe da sitiyari ina ƙarfafa musu gwiwa da kalma ɗaya da na saba: "Ku tura mana, ba ku ci tuwo ba ne?" Su yi dariya, su zage ni, motar ta tashi. (Ka riƙe kalmar nan a ranka, mai karatu, za ta dawo.)

Yarinyar da nake nema sunanta Talatu. Gidansu a Kpakungu cikin kwari yake, inda ruwan unguwa duka ke taruwa ya huta. Shekara guda ina zuwa zance, ban taɓa sauka da mota ƙofar gidan ba. Can saman titi nake ajiye ta, hancinta yana kallon ƙasa, in tako da ƙafa. Mutanen gidan suka ɗauka kunya ce da ladabi. Har an ce mahaifiyarta ta taɓa kafa misali da ni a gaban samarin unguwa. Na ji labari, na sunkuyar da kai kamar na cancanta.

Mahaifinta, Malam Isyaku, tsohon makanikin jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya. Mutum ne mara yawan magana, kuma abu ɗaya aka san shi da ƙi, ƙarya. Ya taɓa mayar da kayan wani mai neman yayar Talatu saboda ya ce shi akawu ne a ma'aikata, aka bincika aka tarar masinja ne. Ba masinjancin ya dame shi ba, ya faɗa da bakinsa, akawuncin ne. Na san wannan labari sarai. Ina faɗa ne don kada wani ya tausaya mini ya ce ban sani ba.

Da aka sa ranar kai lefe, Talatu ta dube ni ta gefen ido ta ce, "Wai da gwangwanin nan da nake gani a kasuwa za a kawo akwatunana?"

Wasa take yi. Ni kuwa na kwashi maganar na tafi da ita gida, na kwana da ita, na tashi da ita. Lokaci ya yi da zan yanke shawara: in rabu da Dattijuwa in sayi wata, ko in gyara ta.

Na fara da saye, don shi ya fi daɗin tunani. Na je wurin dillalan motocin hannu, na zagaya wata fara mai kyau sau uku, na buga tayarta da ƙafa yadda na ga masu kuɗi suna yi. Dillalin ya faɗi farashi. Na ce zan je in yi shawara da 'yan'uwa, muka yi sallama cikin mutunci, bai ƙara ganina ba. A lokacin komai ya yi tashin da ko tayar mota sai ka yi istihara kafin ka taya.

Sai na koma wurin Baba Yohanna, makanikin da ke duba ta tun zamanin mahaifina. Manomi ne ɗan asalin yankin wanda gyaran mota ya jawo cikin gari, yana jin Hausa irin tasa. Ya buɗe bonet ya daɗe yana kallo, kamar mai duba tsohon aboki a gadon asibiti.

"Dan Malam," ya ce, "wannan mota, kashinshi yana da karfi. Kar ka sayar. Ka sa sabon kik, ka yi birki, mu bude inji mu canza abin da ya ci. Jiki ka bar shi haka. Shi zai kai ka shekara goma."

"To fenti fa, Baba?"

"Fenti ba ya dauka doya."

Abin da ke hannuna ɗaya zai iya, ciki ko waje. Na zauna na yi tunani irin na masu zurfin hankali. Na tambayi kaina, a ranar lefe wa zai leƙa ƙarƙashin bonet ya ce kai, wannan kik ɗin ya yi kyau? Ba kowa. Fenti kuwa har makaho sai an ba shi labari. Na gode wa Baba Yohanna, na ce zan dawo, na gangara da ita kai tsaye zuwa Maitumbi wurin Oga Sande mai fenti.

Shi Oga Sande bai ɓata mini rai da maganar inji ba. Ya shafa jikinta ya ce in ya gama da ita ko ni sai na nemi izini kafin in shiga. Mako uku tana wurinsa. Ya cike duk wani lotsawa da fila, wani farin ƙulli da ake shafawa ya bushe ya yi kamar ƙarfe. Ya fesa mata shuɗi mai ƙyalli. Na sa aka ɗaura hon mai waƙa, aka rufe kujera da leda mai furanni, aka shimfiɗa darduma a kan ramin nan, aka rataya tuntaye a gilashi. Na kuma sayi manyan madubai biyu na gefe, waɗanda a da ba ta da ko ɗaya. Da kuɗina na saye su, ba wanda ya tilasta ni.

Da na ɗauko ta, gaskiya ta yi kyau. Mutum shida suka tura ta daga garejin fentin, amma ta yi kyau.

Daga nan ne Shaiɗan ya zauna a kujerar fasinja. Da yamma na je wurin Talatu, ta ce kwana biyu ba ta ga gwangwani a kasuwa ba. Ina iya cewa na kai ta fenti, magana ta ƙare. Sai na ji bakina yana cewa, "Ai na sayar da ita. Na yi sabuwa." Ta yi murna har ta rufe fuska da mayafi. Kafin wayewar gari labari ya shiga gidansu, ya fita ta ƙofar baya, ya zagaye Kpakungu. Duk wanda ya tare ni ya ce Allah ya sa a kashe lafiya, sai in ce amin da ƙarfi. Lambar motar ce kawai ta gagare ni, sai na riƙa barin taɓo a kanta, ina wanke ko'ina ban da nan.

Ranar lefe ta zo, cikin damina. Kowa ya sani ango ba ya zuwa kai lefe. Aikin mata ne, shi nasa ya ɓuya a gida yana jiran labari. Gwaggo Hajara, ƙanwar mahaifina wadda za ta jagoranci matan, ta ce in ba abokina Sale makulli ya kai su. To in na ba Sale makulli, sai na ba shi har da bayanin dutse da gangara, Sale kuwa bakinsa ba ya riƙe ruwa. Na ce, "Gwaggo, sabuwar mota ba a ba ta hannu biyu, inji yake lalacewa. Ni zan kai ku. Zan sa hula in rufe fuska, ba zan fito ba, ba zan yi magana ba, a ɗauka direban haya ne."

Gwaggo ta kalle ni, ta kalli motar. Ta buɗe ƙofa ta shiga, ta ɗaga ƙafafunta ta ajiye su gefe, daidai yadda za su kauce wa ramin da darduma ta rufe. Ban nuna mata wurin ba. Ta ce, "Allah ya sanya alheri, ɗan nan. Mu je."

Aka loda akwatuna a baya, mata biyar suka hau suka zauna a kansu. Muka gangara daga Bosso lafiya lau, ina danna hon mai waƙa ko akuya ce ta gifta. Da muka iso saman titin Kpakungu, wurin ajiyata na kullum, ƙafata da kanta ta nemi birki. Gwaggo ta ce, "Wuce mana. A kai za mu ɗauki akwatunan?" Na sauka cikin kwarin ina ji kamar ana zura ni rijiya. Na tsaya a ƙofar gidan, kan yashi mai laima, gaba hawa baya hawa.

Dabarata ɗaya ce, kada in kashe inji. Aka fito da guɗa, aka kwashi akwatuna, aka shige. Na ja hula har kan hanci, na zauna ina taka totur a hankali. Ai ba za su daɗe ba, in ji ni, wanda bai taɓa ganin yadda ake buɗe lefe ba. Ashe kowane zane sai an ɗaga shi, an juya, an shinshina, an faɗi sunansa, an miƙa wa ta gaba. Dattijuwa kuwa fenti bai hana ta halinta ba. Hayaƙi baƙi ya riƙa fita daga salansa yana bin zaure yana shiga cikin gida kamar an gayyace shi.

Can sai ga wata tsohuwa daga dangin amarya ta fito tana tari, ta ƙwanƙwasa gilashina.

"Kai direba, kashe motar nan. Ka cika mana gida da hayaƙi, turaren lefe ma ba ma jin ƙanshinsa."

Na san ta, ita ma ta san muryata, don sau da yawa na durƙusa na gaishe ta. In na buɗe baki, an kama ango a wurin lefensa. In na ƙi, direban haya ya raina uwar amarya. Na ɗaga hannu alamar to, na murɗa makulli. Injin ya yi shiru. Ban taɓa jin shiru mai nauyi irin wannan ba, har kukan kajin maƙwabta nake ji.

Sai bayan la'asar suka fito. Ba su kaɗai ba, matan gidan amarya duka suka rako su, wai su ga sabuwar motar ango. Aka zagaye ta ana shafawa. Wata ta ce Talatu ta yi goshi. Wata ta duba fuskarta a madubina ta gyara ɗankwali. Aka loda tukwicin cincin da dubulan, matanmu suka hau, aka yi addu'a, aka shafa. Kowa ya ja baya yana jiran mu tashi.

Na yi bisimilla, na karanta duk abin da na haddace, na murɗa makulli, ko Allah zai sa kik ɗin da ya mutu shekara da shekaru ya farfaɗo saboda ni. Ya ce ƙas. Na sake. Ko ƙas ɗin ma bai ƙara ba.

"Sabuwa ce, ba ta saba ba tukuna," in ji wata baiwar Allah daga cikin taron. Har yau ina yi mata addu'a.

Gwaggo Hajara ta buɗe ƙofa ta sauka, ta cire mayafinta ta ɗaure a ƙugu, ta ce wa na baya, "Ku sauko, 'yan'uwa. Na san halinta tun ina budurwa."

Mata shida cikin kwalliyar biki suka dafa bayan mota. Ta motsa taku biyu, ta koma taku uku. Yashi ya riƙe taya, ga hawa. Wasu daga matan gidan amarya suka kama musu, ana dariya ƙasa-ƙasa. Ni kuwa gumi ya jiƙe ni har cikin hula, idona a gaba, ƙafata a kan kuloci, ba abin da nake so a duniya sai in bar unguwar. Na ji ƙarfin turin ya ƙaru, alamar maza sun shigo, ashe masu dawowa daga masallaci ne. Motar ta fara tafiya. Na saki kuloci, ta yi tsalle ta tsaya cak. Aka sake, ta sake tsayawa. A karo na uku, saura ƙiris ta kama, na ji turin yana sanyi. Na manta lefe, na manta hula, na manta ko ni wane ne. Na leƙo da kai ta taga na daka tsawa da muryar tasha:

"Ku tura mana, ba ku ci tuwo ba ne?"

Turin ya tsaya cak. Sai a lokacin idona ya faɗa kan madubin gefe, sabo dal, wanda na saya da kuɗina. Ya nuna mini komai tas, ba ko ɗigon datti. Malam Isyaku ne a tsakiya, cikin farar babbar riga da ya naɗe a kafaɗa, carbi a wuyan hannu, tafukansa biyu a kan murfin baya. Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba. Mutumin da in na hango shi a hanya nake tuɓe takalmi in durƙusa tun daga nesa.

Ya saki motar ya tako a hankali har taga. Na so in durƙusa, amma a zaune nake, ƙofa kuma a ɗaure take da waya daga ciki. Sai na zame ƙasa a kan kujera har sitiyari ya tokare mini haɓa.

"Barka da yamma, Baba," na ce wa sitiyarin.

"Barka kadai. Giya ta nawa ka sa?"

Na duba. Tsabar ruɗewa, a ta ɗaya nake ta fama tun ɗazu.

"Ta ɗaya, Baba."

"Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, a ta biyu yake sa ta. Na sha tura ta a bakin tashar jirgi kafin a yi maka kaciya." Ya miƙo hannu ta taga ya ajiye wani abu a cinyata. Ɓallin fila ne mai faɗin tafin hannu, shuɗi a sama, a ƙasansa tsohon koren fenti ya manne. "Riƙe wannan. Daga sabuwar motarka ya faɗo."

Ya koma baya ya ce wa jama'a bisimilla. Na sa ta biyu. Turi ɗaya ta yi tari ta kama, munafuka. Ban tsaya ba sai saman titi, su Gwaggo suka biyo ni a ƙafa riƙe da takalmansu. Har muka isa Bosso ba wanda ya yi magana, sai Gwaggo da ta ce dubulan ɗin ya yi daɗi.

Kwana uku ban fita ko'ina ba. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai in ce akwatuna ne aka dawo da su. Na tsorata ƙwarai, don ina son Talatu, kuma na san abin da aka yi wa masinja, wanda ƙaryarsa ma ba ta sa kowa turi ba. A rana ta huɗu aka aiko in je. Da ƙafa na tafi.

Na tarar da Malam Isyaku a zaure. Na durƙusa a bakin ƙofa. Kafin in gama gaisuwa aka ajiye kwanon tuwo a gabana.

"Ci," ya ce. "Mu mun riga mun ci."

Na ci loma uku. Sannan na faɗi gaskiya duka, tun daga dillali har Oga Sande, har dalilin da ya sa nake ajiye mota a saman titi. Da na zo nan sai na ji wani sauti daga bayan labule, kamar mahaifiyar Talatu ce ta janye misalin da ta kafa da ni.

Malam Isyaku ya ja carbinsa. Ya ce, "Na yi niyyar mayar da kayanka. Sai na duba na ga ƙaryar da ba ta iya barin ƙofar gidana sai da na tura ta da hannuna, mai ita bai ƙware ba. Ina ganin bai saba ba ne. Kada ka saba."

"In Allah ya yarda, Baba."

"Sharaɗina ɗaya. Kafin ɗaurin aure ka kawo motar nan, ka tsaya inda ka tsaya rannan, ka kashe ta, ka tashe ta da makulli ina kallo. In ba ta tashi ba, a ɗaga rana har ta tashi."

Na kwance hon mai waƙa da tuntaye da ledar kujera na sayar, na haɗa da abin da na tanada na ɗinkin angonci, na koma wurin Baba Yohanna. Bai ce ai na gaya maka ba. Ya dai zagaya motar yana shafa shuɗin fentin, ya tambaye ni doya nawa ya ɗauka zuwa yanzu. Kwana goma yana cikin injin. Ranar gwaji na sauka kwarin, na kashe, na murɗa, ta tashi tun kafin in saki makulli. Malam Isyaku ya saurari ƙarar injin, ya ce a sake duba kafireta, ya shige gida. Da tsohuwar rigar Sallah aka ɗaura mini aure.

Dattijuwa ta ƙara shekara tara tana ɗaukar doya, da tabon kore a bayanta inda filar ta ɓalle, don Talatu ta hana a shafe shi. Surukina kuwa har ya bar duniya, in na je gaishe shi na tashi tafiya, sai ya leƙa cikin gida ya ce, "Ku ci tuwonku da wuri, mai mota zai tafi." 'Ya'yana sun taso suna jin wannan magana, sun ɗauka addu'ar sallama ce.

Darasin da ya kamata in ce na koya shi ne a gyara ciki kafin waje, kuma na koya, ba laifi. Amma tsakanina da kai, wanda ya fi zama mini a rai daban ne. Kafin ka buɗe baki ka yi wa masu tura ka tsawa, duba madubi tukuna, tunda ka riga ka saya.